Kontrol bod din motata: in canza ko in dakata? Masu sani a taimaka

Dan_Aboabo:

Salamu alaikum yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masu sanin harkar wayar mota ku ba ni shawara kafin in zuba kudin da ba zan iya kwasowa ba.

Motar da nake aiki da ita karamar salun ce ta Japan, 2012, irin wadda ake kawowa daga Amurka, otomatik ce kuma da makulli ake tada ta ba dannawa ba. Ta kawuna ce ya ba ni wok an pe, wato ina aiki da ita ina biyansa kudinta, duk sati sai na kai masa sels, kudin da muka yanke, ko an yi aiki ko ba a yi ba, to kun ga ranar da ta kwanta ni ne a ciki.

Tun da ruwan Yuni ya sauko motar nan ta canza hali. Farko waifa ce take tashi ita kadai ban taba ta ba, ta share sau biyu uku ta tsaya a tsakiyar gilashi. Sai kuma lok din kofofi, ina cikin tafiya da fasinja sai ka ji kas kas suna kullewa suna budewa, wata baiwar Allah da na dauko daga Kejetiya za ta Tafo ta tsorata ta ce in sauke ta a hanya kuma wlh ban ga laifinta ba. Wutar ciki ba ta mutuwa ko an rufe kofa, tarafiketan hagu wani lokaci sai ya kama ya tsaya cak ba ya kiftawa. Abin da ya fi damuna in na fito masallaci da asuba sai in tarar batir ya kwanta sai an nemo wata mota an yi jam, alhali batir din bai shekara ba. Wata rana kuma batir lafiya lau, sitata na juyawa amma injin ya ki kamawa, yar fitilar makullin nan ta dashbod tana ta kiftawa, in na bar ta zuwa jimawa sai ta tashi kamar ba ita ba. In ta tashi kuwa injin ba shi da wata matsala, ba ya rawa, shan mai bai karu ba, giya na shiga daidai.

Na kai ta wajen fita dinmu na unguwa, wato makanike, ya kira wani yaro mai mashin din binciken ciwon mota ya sa mata, abubuwa suka fito da yawa amma wanda na rubuta a wayata shi ne U0140. Yaron ya goge duka, motar ta yi shiru yini guda ta koma gidan jiya. Yanzu fitan ya ce kontrol bod ne ya mutu, wato kwamfutar motar, na cikin bonet, wai akwai hom yus, wato wanda aka yi amfani da shi a waje aka shigo da shi, a Magazin, kasuwar kayan mota ta Suame a nan Kumasi, sidi 2,800 ban da kudin aiki, kuma mai kayan ya ce in an daura ba a dawowa da shi.

To tambayata, da gaske wannan ciwon na kontrol bod ne? In na sayi hom yus daura shi kawai za a yi ko sai an yi wani abu da makulli? Sannan akwai masu gyara shi a Kumasi ko dole sai canji? Kawu ya ce rabi shi rabi ni, kuma ni rabin nan ma sai na ci bashi.

Masta_Magazin:

Wa alaikumus salam. Yarona kada ka ba da ko sisi tukuna, zauna ka karanta wannan da kyau.

Ni aikin wayar mota nake yi a Suame tun kafin motoci su zo da soket din mashin, kuma abin da ka lissafa na gan shi ya fi a kirga. Motarka ba bod daya gare ta ba. Akwai na injin, shi ne ECU, aikinsa mai da wuta da iskar da injin ke sha. Akwai na giya, akwai na ABS, akwai na eyabag, sannan akwai na jikin mota da ake kira BCM, shi ke rike da waifa, lok din kofa, wutar ciki, tarafiketa, hon, kuma a motoci da yawa yana da hannu a gane makulli. Yanzu ka koma ka karanta abin da ka rubuta da kanka, waifa, lok, wutar ciki, tarafiketa, fitilar makulli. Akwai guda daya a ciki da ya shafi injin? Kai da bakinka ka ce injin lafiya yake. Kuma lambar da ka rubuta ta riga ta fada, U0140 ma'anarta sauran bod din sun daina jin BCM. Da na injin ne ya yi shiru U0100 za ka gani. To wanda fitan ke so ka saya na cikin bonet ba shi ne ake tuhuma ba ma sam, da ka saya da kudinka sun tafi waifa kuma tana nan tana shara. Ba na zagin fita, aikinsa karfe ne da mai, amma wannan ba layinsa ba ne, ka nemi elektirishan.

Na biyu, kuma wannan ya fi na farko muhimmanci. Lambar ta ce ba a jin BCM, ba ta ce ya mutu ba. Bod lafiyayye in wuta ba ta isa gare shi yadda ya kamata ko wayar at dinsa, wadda ke daure a karfen bodin mota, ta yi tsatsa haka zai yi ta hauka. Mafi yawan motocin da ake kawo min an ce bod ya mutu, in na bi sai in tarar at ne ko soket ko batir ko altaneta. Don haka ga abin da za ka sa a yi a gabanka da mita, ba da fitilar gwajin nan mai kwan fitila ba, ita tana iya kona abu a motocin zamani in an soka ta inda bai dace ba.

A auna batir mota a kashe bayan ta huta, ya kamata a ga wajen volt 12.6, in ya sauko 12.2 to rabinsa ya tafi. A tada mota a sake aunawa, tsakanin 13.5 da 14.7 ake so. In ka ga 15 ko sama to altaneta na cajin da ya wuce kima kuma shi ke dafa bod, ko ka sa sabo zai dafa shi. A juya mitar zuwa AC a dora a kan batir injin na aiki, in ya kai rabin volt to dayod din altaneta ya lalace, kuma dayod da ya lalace shi kadai yana iya shanye batir cikin dare. Daga nan a kwance wayoyin at duka, na batir zuwa bodi, na injin zuwa bodi, da kananan da ke daure a karkashin dashbod ta wajen kafar direba da ta fasinja, a goge su da sanfefa har karfe ya yi fari a daure tamau.

Bayan wannan sai a sauko wajen BCM din kansa. A irin motocin nan galibi yana karkashin dashbod, ko hade da akwatin fiyus na gefen direba ko bayan dirowar gaban fasinja. A cire kan batir na negetif tukuna, sannan a zare soket dinsa daya bayan daya a haska da tocila. Abin da nake so ka duba shi ne kore-kore ko fari-fari a jikin fil din, ko alamar ruwa ya taba kwanciya. Ka ce da ruwan Yuni abin ya fara, wannan maganar ita ta tsaya min a rai. Ka daga kafet din kasa ka sa hannu har kan soson da ke karkashinsa, sama na iya bushewa kasa na jike sharkaf.

Ka amsa min wadannan. An taba canza gilashin gaba? Motar na da sanruf? An sa mata tiraka, na'urar bin sawun mota, ko rediyon nan mai allo? Kana kai ta woshin be su buga mata ruwan mashin a cikin bonet? Kuma an taba yin walda a jikinta batir na daure?

Abu daya da zan roke ka, kada ka bari kowa ya cire kan batir injin na aiki wai yana gwada altaneta. A tsohuwar Datsun ana yi a kwana lafiya, a motar 2012 wutar da za ta yi tsalle a lokacin tana iya kashe bod biyu uku a take. Har yau ina ganin yara na yi a bakin hanya kuma raina na baci.

Nima_Boy:

Slm. Masta ya yi bayani kuma ina girmama shi, amma ni ina da dan bambancin ra'ayi kadan, a yi min afuwa. Ni a Ankara (Accra) nake ina yin tasi na Bolt, kuma na sha irin wannan wahalar da tawa motar, aka yi ta goge at ana wanke soket ana canza fiyus, duk zuwa sai na biya kudin aiki kuma na rasa aikin yini, a karshe dai BCM din ne ya mutu, na je kasuwar kayan mota ta Abosokai na sayo hom yus aka daura shikenan har yau shiru. In na hada abin da na kashe a gwaje-gwaje da ranakun da ban fita ba ya kusa kudin bod din. Mai wok an pe ba shi da lokacin da zai ajiye mota sati ana bincike chale, kawu ba zai ce a bar sels din wannan satin ba.

To in ta kai ga saye ga abin da na koya. Kada ka je da sunan mota da shekara kawai, ka ciro naka ka tafi da shi a hannu, lambar da ke jikin sitika dole ta zama iri daya harafi da harafi. Mota daya shekara daya tana iya zuwa da BCM kala-kala, na mai makulli daban na mai dannawa daban, mai fog lait daban. Sannan na Amurka da na Turai ba daya ba ne, rimot din motocin Amurka yawanci a 315 MHz yake aiki na Turai kuma 433, in aka ba ka na Turai soket zai iya shiga amma rimot dinka ba zai taba bude kofa ba.

Maganar makulli kuma, eh a tawa sai da aka yi furogiramin, da aka daura motar juyawa kawai take ba ta kamawa har sai da mai kwamfuta ya zo ya hada makullan da sabon bod din. Ka tafi da makullanka duka ranar, har sifiya da ke wajen kawu, don wanda ba ya wurin lokacin da ake yi zai iya daina tada motar. Kuma ka yi cinikin kudin furogiramin tun kafin a kwance komai, in mota ta riga ta mutu a shagon mutum duk abin da ya fada shi za ka biya.

Hajia_Asawase:

Dana sannu da wannan jarabawa, Allah ya kawo mafita. Ni ban san waya ba amma ina da motoci a hannun yara kuma na dade ina biyan kudin gyara, don haka ta bangaren ciniki zan yi magana.

Wannan zancen na in an daura ba a dawowa da shi kada ka yarda da shi haka nan. Gaskiya ne masu kayan wuta ba sa son karbar kaya, kuma suna da hujja don wani zai kai ya kona a motarsa mai shot ya dawo ya ce dama a mace yake. Amma akwai hanya. Ka kai motar har Magazin, elektirishan din da zai yi aikin shi zai karbo kayan da sunansa, a gwada a wurin, in ya yi ka biya in bai yi ba ya mayar. Su sun san junansu, abin da mai kaya ba zai yi maka ba zai yi wa masta da ke sayayya wajensa kullum. Ka sa hannu da maka a jikin wanda aka ba ka, ka dauki hoton lambar, tsohon naka kuma kada ka bar shi a shago ko an ce ba shi da amfani, ka sa a leda ka kai wa kawunka ya gani da idonsa. In ka tura kudi ta MoMo ka ajiye sakon.

Sannan ka zauna da kawunka ka nuna masa abin da Masta ya rubuta. Ku duba yadda aka shigo da motar. Da yawa cikin motocin da ake saukewa a Tema daga gwanjon Amurka suke, wasu hadari suka yi wasu ambaliya ta ci su, bayan guguwar Harvey da ta yi barna a Houston a 2017 da Ian ta Florida a 2022 motocin ruwa sun cika gwanjo. Motar da ta sha ruwa tana iya yin shekaru lafiya kafin wayoyinta su fara rubewa. Lambar shasi mai harafi 17 tana kasan gilashin gaba ta gefen direba, ka sa ta a intanet sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna fitowa. Ka ja bel din kujera har karshe ka ga ko akwai layin datti, ka leka karfen karkashin kujeru ko ya yi tsatsa. In ciwon tun daga can ta zo da shi to rabi da rabi bai zama adalci a kanka ba, amma da ladabi za ka fada, kawu uba ne.

Dan_Aboabo:

Na gode kwarai Masta, na gode Mma Hajiya, yaya na Nima kai ma Allah ya saka.

Masta ga amsoshin. Sanruf babu. Walda ba a taba yi ba tun da ta zo hannuna. Bonet ba na bari a buga masa ruwa. Tiraka akwai, kawu ya sa aka daura tun ranar da ya ba ni motar. Gilashin gaba kuwa an canza shi da hunturun da ya wuce, dutse ne ya tashi daga tayar wata tifa a hanyar Ejisu ya tsaga shi, wani mai gilashi ya sa sabo. Yanzun nan na fita na daga kafet ta gefen direba kamar yadda ka ce, wlh soson a jike yake har yana wari, kuma rabon da a yi ruwa a nan tun shekaranjiya. Ta gefen fasinja a bushe. Na haska sama da tocilar waya na ga akwatin fiyus din da wani layi fari-fari a gefensa kamar inda ruwa ya bi ya bushe. Ban taba komai ba.

Mma na duba bel da karkashin kujeru ba tsatsa ba datti, hotunan gwanjon ma sun fito, gabanta ne ya dan bugu ta dama ba ruwa ba.

Mai_Soldarin:

Assalamu alaikum. Na biyo zancen tun daga sama. Aikina gyaran bod ne, na mota da na inbata, ina wajen Tafo. Ɗan'uwa da wannan bayanin naka na ƙarshe kusan an gano bakin zaren, gam ɗin gilashin bai kama ba ta kusurwar direba, lokacin hunturu ba wanda zai sani, da damina ta zo ruwa ya riƙa bin ginshiƙin ƙofa yana sauka a kan akwatin fiyus. Ruwa in ya shiga tsakanin fil biyu sai ya zama kamar an danna makunni, shi ya sa waifa ke tashi ba a taɓa ta ba, kuma shi ya sa bod ɗin ba ya yin barci in an kashe mota, yana farke har asuba yana jan batir.

Ka tambaya ko ana gyarawa. Ana yi, amma ya danganta da inda ruwan ya kai. In aka buɗe aka ga tsatsar a kan fil ɗin soket ne da saman allon kawai, ana wankewa da sifirit na isopropyl da buroshi mai laushi, a busar sosai, a sake narka dalmar da ta tsage, layin da ya cinye a yi masa gada da siririyar waya, rilen da ya maƙale a cire a sa wani. Ban da fetur, ban da man feshin kwance ƙusa, ban da shanya shi a kan injin mai zafi. In kuwa ruwan ya shiga ƙarƙashin babban IC ɗin, wato ƙwaƙwalwar allon, ko allon ya ƙone ya yi baƙi, gaskiya ko an gyara ba ya daɗewa, zai yi wata ɗaya ya dawo, a nan maganar ɗan'uwanmu na Nima ta zama daidai, canji ya fi. Ni ba na karɓar kuɗin mutum a kan allon da na san ba zai riƙe ba.

Ko canjin za a yi tsohon yana da amfani, shi ya sa maganar Hajiya ta kada a bar shi a shago tana da nauyi. A yawancinsu akwai wani ɗan ƙaramin IC mai ƙafa 8 da ke riƙe da bayanan motar, in bai mutu ba ana karanta shi a zuba a cikin hom yus ɗin, motar ta ɗauke shi kamar nata na asali. A wasu motocin kuma bayanan makulli ba a BCM suke ba, suna wani ɗan akwati dabam ko a ECU, to a nan rimot kawai za a sake haɗawa. Wanda zai yi aikin ya duba zanen wayar motarka tukuna ya faɗa maka wanne ne naka kafin ya sa kuɗi. In da kwamfuta za a yi, batir ya zama a cike ko a jona masa caja mai riƙe wuta daidai, laftof ɗin ma da cajinta, don in dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya faɗo ana tsakiyar rubutu bod ɗin na iya mutuwa gaba ɗaya.

Gwaji biyu zan ƙara a kan na Masta. Na ɗaya, a cire batir a auna tsakanin fil na 6 da na 14 a soket ɗin mashin mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya kamata a ga om 60 ko kusa. In 120 ya nuna to layin da bod-bod ke magana ta kansa ya yanke a wani wuri, in ya yi ƙasa sosai wayoyin sun haɗe. Na biyu, bayan an gama gyara a sa mita tsakanin kan batir na negetif da wayarsa, a rufe komai a jira kamar minti 30 zuwa 40 motar ta yi barci, abin da take ja kada ya wuce wajen miliamf 50. In ya wuce a cire tirakar a sake gani. Ina yawan samun tiraka da aka fere waya aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif a daidai wurin nan da ruwan ke sauka.

Masta_Magazin:

Madalla, mai soldarin ya gama magana. Yarona abin da zan kara shi ne tsarin aikin, don in aka juya shi an yi asara. Gilashi tukuna. Daga yau ka rufe gaban motar da tampol in ka ajiye ta, ka cire kan batir da dare. A gyara yoyon, a zuba ruwa da tiyo a kan gilashin wani na ciki da tocila yana kallo har a tabbatar ko digo babu, a fitar da kafet da soson a shanya su a rana, sannan a taba bod. In ka sa sabon bod a karkashin gilashin da ke yoyo ruwan Satumba na nan tafe.

Dan Nima, ban ki maganarka ba, lokaci kudi ne ga mai sels. Amma duk gwajin da na lissafa aikin safiya daya ne a hannun wanda ya sani, ba na sati ba.

Kuma in wani ya ce zai yanke waya ya hada maka waifa ko hon dairek da makunni a dashbod don a huta, ka ce a'a. Haka in ka ga an nada wayar tagulla a madadin fiyus. Motocin da na gani sun kone kurmus yawancinsu daga nan wutar ta tashi, kuma kai mutane kake dauka.

Dan_Aboabo:

Salam yan uwa, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata.

Mun je Magazin da kawu da kansa. Batir da altaneta lafiya, caji 14.1 ya nuna. Da aka zuba ruwa a gilashi kawu na zaune a ciki ya ga yadda yake gangarowa ta kusurwar sama ta gefen direba, wajen babu gam ko kadan kusan tsawon tafin hannu. An cire gilashin an kankare tsohon gam an sake dora shi, aka ce kada in bi hanya mai gargada ko in buga kofa da karfi sai ya kama. BCM din a bayan akwatin fiyus yake, da aka bude soket biyu sun yi kore, fil daya ya cinye har ya karye a ciki, allon kuma ta gefe daya ya yi baki ya kumbura, mai gyaran ya ce ba zai rike ba. Aka samo hom yus mai lamba iri daya, elektirishan din ne ya karbo da sunansa kamar yadda Mma ta ce, kuma kudinsa bai kai rabin na cikin bonet din da aka so in saya ba. An canza soket din da ya rube da wani da aka yanko daga hanis din wata mota aka yi masa soldarin waya bayan waya, wayar tiraka ma an sake hada ta da kyau. Makullin bai bukaci komai ba, rimot biyu kawai aka sake hadawa. An yi ruwa mai karfi daren jiya, da asuba kafet a bushe, mota ta tashi bugu daya. Kawu ya ce shi zai dauki kudin bod din ni in biya na gilashi da aiki, Allah ya kara masa budi.

Saura abu daya Masta. Da aka auna abin da take ja bayan ta yi barci miliamf 70 ya nuna, da aka cire tiraka ya sauko 25. Kawu ba zai yarda a cire ta ba kuma ina ganin hakkinsa ne. Wannan 70 din zai iya kwantar da batir in mota ta kwana biyu ba a tada ta ba, kamar lokacin sallah in na tafi Tamale?

Masta_Magazin:

Alhamdulillah, Allah ya tsare gaba. 70 ya dan yi yawa amma kwana biyu ko uku ba zai hana lafiyayyen batir tada mota ba, lissafinsa bai kai amf 2 a yini ba. Sai dai naka ya sha kwanciya har kasa sau da yawa a watannin nan kuma hakan na rage masa karfi, ka sa a yi masa gwajin lodi a wajen masu batir ka san matsayinsa. In tafiyar za ta wuce sati ka bar wa kawu makulli a rika zagayawa da ita na kamar rabin awa, tada ta a tsaye minti biyar ba ya mayar da abin da sitata ta ci. Tirakar kuma ku tambayi wanda ya daura ta ko tana da saitin barci, yawancinsu suna da shi ba a kunnawa ne kawai.